Dillali Tsakanin Rediyo da Eriya: Lacca kan Daidaita Turjiyar Eriyar Zobe



Shugaban taro, malamaina da ke sahun gaba, 'yan'uwa masu gyaran rediyo da talabijin da suka rufe shaguna suka zo, ɗalibai maza da mata, barkanmu da yamma.

Zan fara da abin da kowa a ɗakin nan ya taɓa gani. Dattijo ne zaune a kan buzu bayan sallar isha'i, yana laluben Kaduna a matsakaicin zango. Ya kamo tashar, amma muryar tana can ƙasa-ƙasa. Ba ya sake taɓa maɓalli. Akwatin rediyon yake juyawa ɗungurungum, a hankali, har murya ta fito tangaran. Duk wanda ya taɓa kwance irin wannan rediyo ya san dalili: akwai wani baƙin sanda na ferayit a ciki, an naɗe shi da siririyar waya. Wannan naɗi eriyar zobe ce, tana da gefen da take ji da gefen da take kurumcewa. Ita ce ma uwar eriyoyi, domin a 1887, lokacin da Heinrich Hertz ya tabbatar da samuwar igiyoyin rediyo a garin Karlsruhe na Jamus, da zoben waya mai ɗan tsagi ya kama su, yana kallon tartsatsi na tsallaka tsagin.

Shi mai sauraro eriya tana yi masa afuwa. Ko an yi kuskure wajen haɗi, zai ji wani abu. Mu da muke watsa magana, wato 'yan rediyon sha'awa masu lasisi, waɗanda lambar kiransu ke farawa da 5N a Najeriya ko 5U a Nijar, ba mu da wannan gata. Wutar da ka tura, in ba ta sami hanyar fita ba, gida za ta dawo maka, ko ta zama zafi a hanya. Abin da ya tara mu ke nan.

Kalmar da injiniyoyi ke amfani da ita ita ce imfidans, wadda Oliver Heaviside, mutumin Ingila, ya ƙirƙiro a 1886. Ni turjiya zan riƙa ce mata. Ma'anarta: matsin lantarki nawa ake bukata kafin kwarara kaza ta wuce. Da om ake auna ta. Tana kuma da fuska biyu, a nan ne ɗalibai ke yawan ruɗewa. Akwai turjiya mai ci, wadda ke karɓar ƙarfi ba ta dawo da shi, ko dai ta mai da shi igiyar rediyo, wanda shi muke so, ko ta mai da shi zafi, wanda asara ne. Akwai kuma turjiya mai aro, ta koyil da ta kafasita, wadda ke karɓar ƙarfi ta riƙe na ƙiftawar ido ta mayar. Aron koyil da na kafasita kishiyoyi ne. In suka zo daidai sai su kashe juna, a ce eriya ta hau zangonta. Saboda haka aiki biyu ne a gabanmu kullum: a kashe mai aro tukuna, sannan a kawo mai ci inda rediyo yake so. Wanda ya cakuɗa su zai kwana yana yanka waya ba gaira ba dalili.

Rediyonmu om 50 yake so, kebul ɗinsa ma na om 50 ne, irin su RG-58 da RG-213. Ba wahayi ba ne wannan adadi. An gano cewa kebul mai iska a tsakani ya fi ɗaukar ƙarfi a wajen om 30, ya fi rashin asara a wajen om 77, sai aka tsaya a tsakiya.

Ku ɗauki igiyar shanya siririya ku ƙulla ta da kakkaurar igiyar rijiya, ku ja su miƙe, ku kaɗa bakin siririyar. Kaɗawar za ta tafi har ƙulli, wani sashe ya wuce, wani ya juyo ya dawo hannunku. Haka igiyar rediyo take yi a duk inda turjiya ta sauya. Ma'aunin SWR wannan dawowa yake nuna mana. In ya nuna 1 da 1, babu abin da ya dawo. A 2 da 1, kashi 11 cikin 100 ne ya juyo. A 3 da 1, kashi 25. Rediyoyin zamani da kansu suke rage wuta in suka ga abin ya wuce 2 da 1, don kada taransistocinsu su ƙone.

To, eriyar zobe iri biyu ce, kuma babu wadda ta zo da om 50 daga gidansu. Babba ta yi sama, ƙarama ta yi ƙasa ƙwarai. Wanda zai shiga tsakani ya ƙulla ciniki shi nake kira dillali. Kun kuwa san dillali ba ya aikin banza, sai ya cire la'adarsa. Gwanintar ita ce a samo mai ƙaramar la'ada.

Mu fara da babban zobe, wanda kewayensa ya kai tsawon igiya guda cif. Ya yi suna ne ta dalilin wata matsala a gidan rediyon HCJB da ke Quito, babban birnin Ekwado, a kan tsaunuka masu tsayin kusan mita 2,850. A farkon shekarun 1940, saboda iskar wurin ba ta da kauri, sai wuta ta riƙa feshi daga bakin sandunan eriyarsu har ƙarfen yana narkewa. Injiniyansu Clarence Moore, wanda shi ma ɗan rediyon sha'awa ne mai lamba W9LZX, ya yi tunani: tunda a baki matsalar take, a yi eriyar da ba ta da baki. Ya lanƙwasa waya ta koma murabba'i rufaffe, matsala ta kau. Wannan rufewa tana da amfani a gare mu ma. Lokacin hunturu, ƙurar da iska ke kaɗawa tana tara caji a jikin doguwar waya mai buɗaɗɗen baki, har ka ji ƙas-ƙas a rediyo, wani lokaci ka ga tartsatsi a bakin kebul. A zobe, ɓangarorin biyu haɗe suke, caji ba ya taruwa a tsakaninsu.

Lissafin tsawonsa mai sauƙi ne: a raba 306 da adadin megahaz, a sami mita. A megahaz 7.1, waya mita 43 ke nan, a 14.2, mita 21 da rabi. A yanka da ɗan rara, don rage waya ya fi ƙara ta sauƙi. In an rataye shi da kyau, turjiyarsa takan faɗa tsakanin om 100 da 120, gwargwadon siffarsa da nisansa da ƙasa. Mu ce 110. In ka haɗa shi kai tsaye da kebul na om 50, ma'auni zai nuna 2.2 da 1.

Dillalin da na fi ƙauna a nan yana rataye a kowace kasuwar kayan lantarki: wayar dish. Kebul ne na om 75. Akwai wata ƙa'ida mai daɗi da ta ce, guntun kebul mai tsawon rubu'in igiya yana juya turjiya: ka ninka turjiyarsa da kanta, ka raba da abin da ke gefe guda, ka sami abin da zai bayyana a ɗaya gefen. 75 sau 75 ya ba da 5,625. Raba da 110, ka sami 51. Ga om 50 nan, ba koyil, ba maɓalli, ba abin da zai yi tsatsa, la'adar kuma 'yar kaɗan.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Igiyar rediyo ba ta gudu a cikin kebul kamar yadda take gudu a sarari, saboda haka rubu'in cikin kebul ya fi na sarari gajarta. A megahaz 14.2, rubu'in igiya a sarari mita 5.28 ne. In robar da ke cikin kebul ɗin daskararriya ce, a ninka da 0.66, a sami kusan mita 3 da rabi. In mai kumfa ce, kamar yawancin RG-6 na dish, a ninka da wajen 0.82, a sami mita 4 da sulusi. Kun ga tazarar, kusan mita guda. Ku feɗe bakin kebul ku duba robar da idonku kafin ku sa almakashi. Ku kuma lura cewa saƙar jikin wayar dish galibi alminiyom ce, ba ta kama dalma. Ku yi amfani da kan da ake matsewa, ku naɗe shi da tef sosai saboda damina.

Wannan dillali na kasuwa ɗaya ne. Guntun da aka yanka don megahaz 7 zai yi aiki a 21, tunda a can rubu'i uku ne, amma a 14 ya zama rabin igiya, kuma rabin igiya ba ya juya komai, abin da ya gani a gefe guda shi yake maimaitawa. Mai son zobe ɗaya ya yi masa zanguna da yawa, gara ya sauko da waya mai tsani ta om 450 zuwa akwatin saiti, mai daidaita turjiya, a ɗaki, domin ita ko SWR ya yi yawa asararta kaɗan ce. Akwai kuma masu sallamar dillali gaba ɗaya: su miƙar da zoben tsaye, tsayinsa ninki biyu na faɗinsa, su ba shi wuta a tsakiyar gajeren gefen ƙasa, turjiya ta sauko kusa da 50 da kanta. Kowace hanya aka bi, a sa 'yan zobban ferayit a wuyan kebul kusa da eriya, don kada wuta ta biyo bayan kebul ta shigo ɗaki.

Yanzu ga wanda na fi son mu daɗe a kansa, ƙaramin zobe, ga shi nan a kan tebur. Bututun jan ƙarfe ne mai kaurin milimita 22, irin wanda masu aikin famfo da masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki suka sani, an lanƙwasa shi faɗin mita guda, an bar tsagi a sama an sa kafasita. Sojojin Amurka sun yi aiki da irinsa a dazukan Biyetnam, inda rataya doguwar waya ke da wuya. Kenneth Patterson ya wallafa bayanin nasu a 1967, sannan rubutun Ted Hart, W5QJR, a mujallar QST a 1986 ya yaɗa shi tsakanin 'yan sha'awa. Ga wanda ke zaune a ɗakin haya a cikin birni, babu fili, babu bishiya, maigida kuma ba zai yarda a kafa masa sanda a kan rufi ba, wannan zobe shi ne mafita.

Ku saurari adadinsa da kyau. A megahaz 14.2, turjiyar da ke mai da wuta igiyar rediyo a wannan zobe kusan kashi ɗaya cikin goma na om guda ce, 0.1. In aka sauko megahaz 7.1, ba rabi take komawa ba, kashi ɗaya cikin 16 take komawa, wato 0.006. Ita kuwa turjiyar asara ta bututun, 0.045 ce a 14, 0.03 a 7. Ku gwada su. A megahaz 14, kusan kashi biyu cikin uku na wutar na fita sarari. A 7, kashi 16 cikin 100 kacal, saura duk ɗumama bututu yake yi. Wannan ma a takarda ne, kafin a lissafa asarar kafasita da ta ƙasa da ta bangon da ke kusa. Dalilin da ya sa ake neman bututu mai kauri shi ne, a irin wannan zango wuta a fatar ƙarfe kawai take tafiya, zurfin da bai kai kaurin gashin kai ba. Cikin bututun ba ya aikin komai, faɗin fatarsa ake saye.

Tunda turjiyar ƙanƙanuwa ce haka, in ka tura wat 100, kwararar da ke zagaya zoben ta haura amfiya 25, matsin da ke kan kafasita kuma ya haura bolt 5,000. Ko da wat 5 ne, ya wuce bolt 1,000. Kafasitar tsohon rediyo ta isa sauraro, amma da ka danna makirfo za ka ji tsat-tsat tsakanin faifanta. Ana neman mai wadataccen tsagi, ko irin ta cikin kwalba da aka zuƙe wa iska, wadda ake samu daga ragowar kayan tsohuwar Tarayyar Sobiyat. A kuma rufe ta a cikin roba, domin ƙurar hunturu da laimar damina duk suna buɗe wa tartsatsi hanya.

Abin da ke burge ni game da wannan zobe shi ne fuskokinsa biyu. In ka yanka bututun a ƙasa ka leƙa, om 0.15 za ka gani. In ka leƙa ta bakin kafasita a sama, sama da om 300,000 za ka gani. Abu ɗaya, lokaci ɗaya. Ashe ke nan om 50 yana nan wani wuri a tsakani, neman sa kawai za a yi. Masu haɗin gama haka suke yi: su ɗaure saƙar kebul a tsakiyar ƙasan zobe, su ja wayar tsakiya gefe da bututun, su riƙa matsar da maƙalinta sama-sama har su taka wurin. Wasu kuma su zura bututun ta cikin zoben ferayit, su naɗa waya 'yan zagaye, ya zama taransifoma. Hanyar da ta fi yaɗuwa, wadda na bi a nan, ita ce ɗan zobe a cikin uwar zobe. Faɗinsa kashi ɗaya cikin biyar na babban, wato santimita 20 ga zoben mita guda. A ƙasa ake sa shi, nesa da kafasita, inda kwarara ta fi yawa. Ba ya taɓa babban ko kaɗan. Maganaɗisu ne kawai ke kai saƙo tsakaninsu.

Ga yadda ake saiti. A kunna rediyo a sauraro, a murɗa kafasita sannu a hankali. Za a ji shiru, shiru, sai shuuu ta taso farat ɗaya ta kuma faɗi. A koma kan ƙololuwar wannan ƙara: an kashe mai aro ke nan. Sai a tura wuta kaɗan a dubi ma'auni. In mafi ƙanƙantar abin da ya nuna 1.8 ne, kada a ƙara wahalar da kafasita, aikinta ya ƙare. Saura na ɗan zobe ne: a kashe wuta, a matse shi ya yi kamar ƙwai, ko a ɗaga shi, ko a kusanto da shi jikin bututu. Mai ƙaramar na'urar NanoVNA ya huta da lalube, domin tana zana masa da'ira a kan taswirar da Phillip Smith na kamfanin Bell ya fitar a 1939. In da'irar ba ta kai tsakiya ba, haɗin ya yi rauni. In ta zarce ta kewaye tsakiya, ya yi yawa.

Jama'a, ga inda nake so mu yi hattara, shi ne ma ya sa na karɓi gayyatar nan. Zoben da na fara yi, da ƙusa mai noti na ɗaure kafasita a jikin bututu. Da farko saitinsa tsukakke ne ainun, in na matsa kilohaz goma sai na sake murɗawa. Bayan damina ɗaya sai na ga ya yi laushi, ina yawo cikin zango ma'auni na zaune lafiya a ƙasa. Na yi murna. Amma tashoshin da suke amsa mini a da suka daina ji na. Wata rana bayan doguwar magana na kashe rediyo na ɗora yatsa a kan notin, na ji shi da zafi kamar an ɗauko daga rana. Da na kwance, sai ga kore-koren tsatsa a ƙarƙashinsa. Ruwa ba ya tsami banza. Tsatsar da ta ƙara om 0.05 kawai, abin da ma'aunin mai gyara ba zai ko gani ba, ta isa ta mai da kashi 16 ɗin nan na megahaz 7 ya koma 7. Faɗin da na yi wa murna, asara ce ta sayo mini shi. Tun daga ranar, duk mahaɗar da ke kan hanyar babbar kwarara walda nake yi mata, ko in liƙe ta da faffaɗan falle na jan ƙarfe.

Ma'aunin SWR bai yi mini ƙarya ba. Abin da aka tambaye shi ya amsa: wuta ta dawo ko ba ta dawo ba. Inda ta tafi ba huruminsa ba ne. Ku ɗaura rezista ta om 50 a bakin kebul, zai nuna 1 da 1 a kowane zango, alhali ko maƙwabci ba zai ji ku ba. Doguwar RG-58 ma haka take rufa wa mummunar eriya asiri: mita 30 nata yana cinye kusan kashi 30 cikin 100 a megahaz 14 tun a tafiya, abin da ya juyo kuma ta sake gutsurar sa a dawowa, sai ma'aunin ɗaki ya nuna adadi mai kyau. Walter Maxwell, W2DU, ya yi dogon rubutu a QST tun daga 1973 yana jan hankalin mutane kan ɗaya gefen batun: wutar da ta juyo ba lallai ta ɓace ba, in kebul ɗin mai kyau ne kuma akwai akwatin saiti, za ta sake komawa eriya. A ra'ayina, babban zobe mai 1.8 da 1 a kan kebul nagari ya fi ƙaramin zobe mai 1 da 1 da tsatsa a wuya, nesa ba kusa ba. Shaidar da na yarda da ita ita ce rahoton wanda ya ji ka daga nesa, da kuma hannunka a kan mahaɗa bayan ka kashe wuta.

Na ce bayan ka kashe wuta, kuma da gaske nake. Ƙunar wutar rediyo tana shiga nama da zurfi, tana daɗewa ba ta warke ba. Kada a zauna dab da ƙaramin zobe ana watsawa da wuta mai yawa, a ba shi 'yan mitoci. Kada a kafa shi inda yara ke wasa, ko inda mai shanya za ta kai hannu. Mai na'urar taimakon bugun zuciya a ƙirji ya nisance shi.

Zoben nan na kan tebur na haɗa shi da rediyo a sauraro kawai, na cire makirfo, saboda haka babu haɗari. Bayan tambayoyi, ina roƙon ɗalibai su fara zuwa, bibbiyu: ɗaya ya riƙe maɓallin kafasita ya nemo ƙololuwar ƙara a megahaz 14, ɗaya ya matse ɗan zoben yana kallon yadda da'ira ke girma da raguwa a fuskar NanoVNA. Masu gyara kuma, na zo da guntayen wayar dish iri biyu da reza, ku feɗe ku gaya mini wacce ce mai kumfa.